Yadda Magidanci Zai Tara Aljanu a Adaka, Gara Ba Ta Cinye Su Ba

A Amurka akwai dattawa masu furfura da ke ware ɗaki guda a gida don 'yan tsanar fim ɗin Star Wars, wanda ya fara fitowa a 1977. Ɗaya daga cikinsu, Steve Sansweet, kayansa sun yi yawan da wurin ajiyar ya koma gidan kallo a garin Petaluma na jihar Kalifoniya, har littafin Guinness ya shaida babu mai tari irin nasa. Mujallar zane da Superman ya fara bayyana a cikinta kuwa, wadda aka sayar senti 10 a 1938, an yi gwanjon kwafi ɗaya nata a 2024 a kan dala miliyan 6. Mutumin Birnin Kudu ko Gwaram da ya ji wannan labari zai riƙe haɓa. Amma in ya leƙa ƙarƙashin gadon wansa ko baffansa, ba mamaki ya tarar da ɗan'uwan Sansweet ya daɗe a gidansu, sai dai shi dukiyarsa a adakar ƙarfe take: littattafan yaƙi da na aljanu, kaset ɗin bidiyo da babu sauran injin kunna shi a unguwa, da fastar fim ɗin Indiya mai hoton macijiya.

Wannan shawara tasa ce, shi da duk magidancin da ke sha'awar shiga sahunsa amma yana jin nauyin gemunsa.

Kafin komai sai ya san me yake nema, don mai tara abin da ya samu kawai bola yake haɗawa. Tushen adakar yana Zariya. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda Alhaji Imam ya ratsa duniya neman ruwan magani yana ta karo da Malam Zurƙe, da kuma Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya gwabza da Turawa sannan ya faɗa duniyar aljanu. Bayansu Magana Jari Ce ya biyo, juzu'i uku, da akunsa mai bakin da ya tsare ɗan sarki da labari. Sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalinsa gwarzon tatsuniyar Rasha ne aka naɗa masa rawani ya zauna daram. Mai tari na gaskiya ba ya tsayawa a sabon bugu da ake sayar wa 'yan makaranta. Tsohon yake bi, mai takarda ruwan ƙasa, mai tambarin mawallafa irin su Gaskiya ko NORLA ko farkon NNPC, wanda in aka buɗe shi ƙamshin tsohon ofishin En'e ke tashi.

Sarkin adakar kuwa, a ganin mai wannan rubutu, shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata. A cikinsa wani yaro Bahaushe, Kilba, ya yi abota da baƙo daga sararin samaniya, aka ɗauke shi yawon ganin abin da ke can. Duk mai cewa labarin kimiyya da jirgin 'yan sama jannati na Turawa ne su kaɗai, littafin nan ya isa amsa. Wanda ya samu tsohon bugunsa da bango lafiya, ya halatta ya yi wa kansa shayi mai kauri a daren, ko da ba a biya albashi ba.

Daga nan aikin ke yin wuya, don an shigo adabin kasuwar Kano. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 marubuta suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, kuma a gefen na soyayya aka samu littattafan yaƙi, masu sadaukai da matsafa da takubban sihiri da biranen da babu su a taswira. Sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya zama kamar tambari a wannan fage. Littattafan ƙanana ne, takardarsu mai araha, bangonsu mai launin da ke kiran mutum tun daga nesa, kuma kashi-kashi suke fitowa. Nan ciwon mai tari yake. Marubuci zai kai jarumi bakin kogo, takobi a sama, aljani ya buɗe baki, sai shafi ya ƙare. Na ɗaya ana samunsa ko'ina. Na biyu da ɗan nema. Na uku, wanda aka kashe aljanin a ciki, shi ne ke hannun wani abokin makaranta da ya koma Fatakwal tun zamanin da ake hayar littafi a shago. Saboda haka doka ita ce, in mai tari ya ga labari cikakke a shimfiɗe, ya kwashe duka a take, cefanen gobe Allah zai kawo.

Wajen nema, kada ya raina kasuwar ƙauye. Ranar kasuwar Sara, a ƙasar Gwaram, ya kamata ya wuce layin hatsi da na dabbobi ya nemi mai shimfiɗa littattafan addini da allo da tawada, ya durƙusa ya duba ƙasan tarin, don a nan tsofaffin da ba su shiga ba suke kwana. Kada ya nuna zumuɗi. In idonsa ya faɗa kan abin da ya shekara goma yana nema, sai ya ɗauki wani littafin daban ya taya, ya yi hamma, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce a ɗora masa wancan tsohon a matsayin gyara. Hannun ne dai ke tona asiri, don rawa yake yi. Gara ya sa shi a aljihu.

In kasuwannin gida sun gaza, hanyar Kano a buɗe take, ta Wudil. Masu littattafai na Sabon Gari da na Kurmi sun san irinsa tun daga sallama. Ga kuma taskar da ta fi kowace kusa: tsofaffin malaman firamare da suka yi ritaya, da waɗanda suka yi Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu a da. A gidan irinsu akan samu kwali a saman sif wanda ba a sauke ba tun ana Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Ba a shiga da maganar ciniki. Ana zuwa da goro, a gaishe da Baba, a saurari labarin hedimasta mai bulala har ƙarshe, sannan a ce, "Baba, ko akwai sauran littattafan nan na da?"

Samu ba shi ne wahala ba, ajiya ce. A nan mutumin Birnin Kudu yana da malami a bayan gari. Zanen shanun da mutanen dā suka yi a Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, wanda yau hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da shi, ya kai zamaninmu ne saboda yana cikin lungun dutse, inda ruwan sama ba ya dukansa, rana ba ta gasa shi. Haka littafi yake so: inuwa, bushewa, da nisa da ƙasa. Gara ba ta san darajar Abubakar Imam ba. A dare kaɗan za ta bi bangon ƙasa ta shiga kwali, ta cinye sadauki da dokinsa da rundunar aljanu dubu, ta bar wa mai shi bango biyu da gari a tsakiya. Don haka kwali haramun ne ga mai tari. Adakar ƙarfe ake so, irin ta ɗan makarantar kwana, a ɗora ta kan bulo ko benci, a janye ta daga jikin bango. A zuba kafur a kusurwa, ko busasshen ganyen darbejiya, saboda kyankyaso da ƙwarin takarda. Leda tana tsare ruwa, amma in aka ƙulle littafi a cikinta da danshin watan Agusta, fumfuna za ta yi masa zane irin nata. Sai iskar hunturu ta kaɗa a fito da su, a buɗe a inuwa, a kaɗe ƙura, a duba ƙusar da aka ɗinke tsakiya da ita, don tsatsarta na cin takarda. Wanda ya ɓalle a kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke da zare, a yi masa riga da takardar tsohuwar kalanda. Wanda kuma gidansa ke kusa da rafi, a ƙasar da damina kan yi ɓarna irin ta Gwaram, adakarsa ta hau saman sif tun ruwan farko.

Ɓera da gara dai ba sa sallama. Mai sallama shi ne ɗan aro.

Zai zo bayan la'asar da fara'a, ya ce, "Yaya, kwana biyu kacal, jibi war haka yana hannunka." Daga hannunsa littafin zai je na ƙanensa, ya je na maƙwabci, ya shiga ɗakin amarya a wata unguwa, ƙarshe a ga shafi na arba'in an naɗe ƙosai da shi a bakin tasha. Hana aro ɗungurungum ba halin kirki ba ne, kuma a gari irin namu ba zai yiwu ba. Dabara ita ce adaka biyu. Ta waje tana ɗauke da sababbin bugu da waɗanda ake da kwafi biyu, kowa ya ɗauka, a rubuta sunansa a littafin bashi kamar na mai shago. Ta ciki kuwa, mai son karanta abin da ke cikinta ga tabarma, ga inuwa, ga ruwan randa, ya karanta a nan mai gida na kallonsa.

Uwargida ita ce hukumar da ba a tsallakewa. Ranar da ta ce, "Malam, wannan akwatin naka ya cinye wurin buhun masara," kada mai tari ya kawo mata labarin dala miliyan 6, don tambayar da za ta biyo baya ita ce yaushe za a kai gwanjon, kuma gaskiya ba a kai ga yin irin wannan ciniki a Sara ba. Abin da ke aiki shi ne ya tuna mata kwanukan samira da tangaran da ke jere a ɗakinta tun na aure, waɗanda ba a taɓa cin tuwo a ciki ba, kuma ba mai cewa a fitar. Ita ma mai tari ce, kowa da jerensa. Sau da yawa ma akan tarar ita ce ta san inda kashi na ukun nan ya shiga, don ta riga shi karantawa.

Masu dariya a majalisa ba za a rasa ba, masu cewa mai 'ya'ya biyar me ya haɗa shi da labarin aljanu. Kada ya sunkuyar da kai. Yawancin littattafan kasuwar nan an buga su ne kaɗan, a takardar da ba ta jure shekaru, ba a sake buga da yawansu ba, ɗakunan karatu kuma ba su tattara su duka ba. Zai yiwu kwafin da ke adakarsa na cikin 'yan ƙalilan da suka rage a duniya. Ɗalibin Hausa daga Jami'ar Bayero ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ranar da zai rubuta kundi a kan littattafan yaƙi, ƙofar irin wannan magidancin zai ƙwanƙwasa. Mai dariyar ma, in aka ambaci Malam Zurƙe, shi ne zai fara gyara zama ya karɓe labarin.

Abu guda ne bai kamata ya koya daga takwarorinsa na Amurka ba. Can darajar 'yar tsana tana ga kwalinta da ba a taɓa buɗewa ba, har mutum ya tsufa bai taɓa abin da ya saya ba. Littafin Hausa ba a yi shi don haka ba. Yaran gidan yanzu a waya suke jin labaran yaƙi, wani na karanta musu a YouTube, ba su san nauyin littafin a hannu ba. Daren Alhamis, bayan isha'i, sai mai tari ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa kowa ya wanke hannu daga miyar kuka, ya kunna fitila mai caji, ya buɗe adakar ciki. Ya ba babban yaron Tauraruwa Mai Wutsiya ya karanta da ƙarfi, shi yana gyara masa inda ya yi tuntuɓe, ƙananan na ɗaga kai suna duba sama ko baƙon Kilba zai biyo ta kan Dutsen Mesa. In an tashi, ya ƙirga littattafan sau biyu kafin ya sa kwaɗo, ya kuma laluba ƙarƙashin filon autan.