Farashin Tsohuwar Jita

Jitar da ake kira pedal steel, wadda ake girkewa a kwance bisa ƙafafu huɗu, ana sauya sautinta da takun ƙafa da turin gwiwa, ta yi suna a Nashville ta Amurka, inda kamfanin Sho-Bud ya riƙa ƙera ta. Idan ta tsufa, mai sayarwa yakan kira tsatsarta tarihi, sannan ya rantse cewa Buddy Emmons, gwanin kaɗa ta da ya rasu a 2015, ya taɓa ɗora mata hannu, kuma yawan masu wannan rantsuwa na nuna marigayin bai san barci ba. Mai saye kuwa yakan taya da rabi, domin sauran kuɗin rabon 'yan dako ne da likitan ciwon baya.