Alhaji Ya Sayo Man Goge Mota

Akwai wata lalura da ke kama magidanci a makon da ya sayi mota, ko da kuwa 'yar Kwatano ce da ta sha duniya a hannun Turawa uku kafin ta iso. Takan fara da waiwaye: ya kulle mota, ya yi taku biyar, ya juyo ya ƙare mata kallo ya yi murmushi shi kaɗai. Daga nan sai tsumma ya samu mazauni a ƙarƙashin kujerar direba. Ranar da ka gan shi ya dawo daga Ƙofar Ruwa ko Panteka rungume da robar man goge mota, to ciwo ya ci jiki, sai addu'a.

Man da ake yayi shi ne wanda aka ce yana aiki uku a shafa ɗaya. Masu sana'ar gyaran fenti sun saba bi daki-daki: a wanke, a kankare dusashewa da mai mai ɗan kaushi, a bi da mai laushi, sannan a rufe da kaki. Aikin yini guda ne. Sai kamfanoni suka lura mutane ba su da wannan haƙurin, suka haɗa komai a roba ɗaya: sinadarin da ke ɗebe dattin da ya kama fenti, ɗan gari mai laushi da ke shafe ƙananan zane, da kakin da ke tare ruwa da rana. Wasu na sa kakin carnauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil, wasu kuma na haɗi suke sawa. Sunayen sanannu ne: Turtle Wax na Chicago, Sonax na Jamus, Autoglym na Ingila, da Meguiar's wanda ya fara da man goge kayan katako tun 1901.

Abin ya zo mana daidai. Mu da muka saba da mai maganin bakin tasha, wanda ƙullinsa ɗaya ke kashe basir da shawara da ciwon baya, ya kuma kori sammu, me zai hana mu karɓi robar da ta yi alkawarin abu uku kacal? Har ma muna ganin ta yi rowa.

Wajen zaɓe ake fara wasan. Alhaji ya ɗaga roba ya auna nauyinta a tafin hannu, ya buɗe ya shinshina, ya duba jar motar da ke jikin takardar.

"Na Jamus ne?"

"Haba Alhaji, ai ni ba na ajiye ƙaramin kaya. Wannan har tsatsa yake ci."

Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Rubutun da ke bayan robar, inda aka yi bayanin komai, ba a karanta shi, don karanta umarni alama ce ta wanda bai taɓa riƙe mota ba. Alhali tambayar da ta kamata ita ce: wannan man yana goge zanen ne da gaske, ko cike shi kawai yake yi? Akwai waɗanda aikinsu cikewa ne. Motar za ta fito fes, bayan 'yan wanki zanen ya dawo ya gaishe ka. Kuma akwai gwaji na kyauta: ja farcenka a kan zanen. In farce ya maƙale, ramin ya yi zurfi, babu robar da za ta fitar da kai. Tsagar da ɗan adaidaita sahu ya yi maka a cunkoson kasuwa aikin mai fenti ce, ko mai shago ya rantse da me.

Sai ranar aiki. Ƙa'ida ta ce a yi a inuwa, jikin mota da sanyi. Matsalar ita ce inuwar tana bayan gida, kuma bayan gida babu 'yan kallo. Saboda haka ake fito da mota ƙofar gida, daura da majalisa, ranar Asabar da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da bonet ke ƙona tafin hannu. Man na sauka ya bushe ya kafe tun kafin ya yi aikinsa, sai dirza, sai zane-zane fari. Mutanen majalisa kuwa kowa ya zama injiniya. Wani ya ce a ƙara mai. Wani ya ce shi a zamanin 504 kananzir yake ɗigawa a ruwan wanki. Akwai ma wanda zai kawo shawarar man birki, kuma wannan mutumin ya kamata a bincika ko akwai tsohuwar gaba tsakaninsa da Alhaji, domin man birki cin fenti yake yi.

Kada ka ɗauka Alhaji ne ke gugar. Shi aikinsa nuni da ɗan yatsa daga kan kujerar roba. Yaron gida ne ke fama, da tsohuwar riga mai maɓalli a matsayin tsumma.

"Yallaɓai, ba a wanke ta ba fa."

"Kai dai shafa! Ba ka ji an ce yana wanki da kansa ba?"

Nan ne ɓarnar take. Ƙurar hunturu da ke kwance a jikin mota yashi ne mai laushi. Ka zuba mai a kanta ka murza, ka zana wa motarka da'irori dubu waɗanda ba sa fitowa sai rana ta haska. Dole a fara wanke ta tas da sabulun mota, a tsane ta. Garin wankin kaya yana da ƙarfi, yana kwashe kakin da ke jiki, don haka wanda ya goge yau ya wanke da shi jibi ya yi aikin baban giwa.

Yawan man ma rigima ce. Ɗigo uku ko huɗu a kan soso mai laushi ya ishi wuri kamar rabin mita. A gwada tukuna a wani lungu da ido ba ya kai wa, a murza a hankali, a bar shi ya ɗan yi hazo, a share da tawul mai laushi irin na maikurofaiba, sannan a matsa gaba. Amma a wurinmu ɗigo rowa ce. Mutumin da ya biya kuɗinsa sai ya ga man na malala. Ya bi ta kan baƙar robar bamba da ta gefen gilashi, inda man ke barin farin tabo mai naci, sannan ya ja baya ya ce kayan jabu aka sayar masa.

Wanda kuma aikinsa ya yi kyau, wata jarabar ke jiransa: maimaici. Kowace Juma'a sai an goge, kowane ɗaurin aure sai an goge. Fentin motocin zamani yana da wani siririn rufi garai-garai a samansa, shi ne mai ƙyallin, shi ne kuma ke tare zafin rana. Kaurinsa bai fi ka raba milimita ɗaya gida 20 ka ɗauki kashi guda ba. Duk gugar da aka yi da mai mai kankara tana rage shi kaɗan, balle in an haɗa da injin guga a hannun wanda ya koya jiya, mai ƙona gefen ƙofa cikin ƙiftawar ido. Sau 2 ko 3 a shekara ya wadatar. Mai yi duk mako yana gaggauta ranar da rufin motar da bonet za su fara saɓa, a ce rana ce ta cinye, ko a ce bakin mutane ne.

Duk wannan hidimar a waje take tsayawa. Motar da kake ganin fuskarka a jikinta, baƙin manta ya wuce lokacin juye da wata huɗu, tayoyinta sun yi sanƙo, birkinta sai an taka sau biyu tare da salati. Hajiya ta yi maganar cefane an ce gari ya yi zafi, ga roba ta biyu a but. Ni dai ban ga laifin ƙyalli ba. Mota mai tsabta abin so ce, kuma man nan yana aikinsa in an bi shi yadda ya ce. Sai dai ba a taɓa tsayar da mota a gangara da ƙyalli ba.

Waɗanda suka fi kowa fahimtar wannan roba su ne dillalan mota, kuma su suna karanta bayanta. Sun san wanne ne ke cike zane, sun san kwana nawa yake ɗauka kafin asiri ya tonu. Don haka kai mai shirin sayen mota, kada ka je kallo da almuru. Je ka da rana tsaka, ka ce a wanke ta a gabanka, kuma ka tafi da bakanikenka ya buɗe bonet.