Ta Ƙi Shiga: Ire-iren Masu Tsohuwar Kwamfuta

Duk shagon gyaran kwamfutar da ka leƙa, daga Farm Centre a Kano har Banex a Abuja, akwai maganar da ba a wuni ba a ji ta ba: "Ta ƙi shiga." Manhaja ce aka so girkawa ta ce atafau ba za ta zauna ba. In an duba, galibi manhajar lafiyarta ƙalau, na'urar ma da sauran ƙarfinta. Windows ɗin da ke tafiyar da ita ne ya tsufa, ko an hana shi sabuntawar da kamfani ya yi shekaru yana aikowa. Ita sabuwar manhaja ana rubuta ta ne bisa zaton za ta tarar da wasu kayan aiki a ƙasa. In ta zo babu su, sai ta juya, don ba a ɗora bene a kan ginin laka. Maganin a fili yake, sau da yawa ma a rubuce a kan allo. Abin kallon shi ne dabarun da jama'a ke yi don kada su sha shi.

Malam Sai-Gobe

Wannan ba ya gaba da sabuntawa. Ya yarda tana da amfani, har nasiha yake yi wa abokan aiki a kanta. Lokaci ne kawai bai samu ba. Duk sanda saƙo ya leƙo cewa akwai sabuntawa, sai ya danna wurin da ke cewa a tuna masa daga baya. Ya yi aure, an yi suna, yaron ya shiga firamare, saƙon na nan yana jira. Ranar da za a yi taro da Oga ta Zoom da ƙarfe goma, sai tara da rabi ya fara girkawa, manhajar ta ce sai an sabunta. Ya buɗe ya tarar da bashin shekaru ya yi layi. Taron dai da wayar uwargida aka yi shi, sunanta ne ma ya fito a allo.

Danna-Kawai

Yana da digiri, wani har biyu, amma duk rubutun da ya fito cikin ɗan akwati a allo haramun ne a gare shi. Hannunsa ya fi idonsa sauri. In ya kai wa mai gyara, hirar ba ta canzawa.

"Yallaɓai, me ta rubuta?"

"Wani abu dai da Turanci, da jar alama a gefe."

"Me ya ce?"

"Ai na rufe."

Abin da ya rufe ɗin layi ɗaya ne: manhajar na buƙatar Windows 7 mai Service Pack 1, wanda Microsoft ya fitar kyauta tun 2011. Maimakon ya karanta, sai ya goge ya sake saukowa da manhajar daga farko, wai ta ɗazu ba ta cika ba.

Ma'ajin Data

Ranar da ya sayi laftof ɗinsa 'yar Beljiyom, kafin ya bar shago sai da ya sa aka kashe masa Windows Update, "don kada ya shanye mini data". Data kuɗi ce, ba mai musu. Amma bawan Allahn nan ba ya kwana bai kalli fassarar Indiya ba, ga ƙwallon Firimiya, ga TikTok har ƙarfe biyun dare. Duk wannan a lissafinsa buƙata ce. Sabuntawar da za ta toshe wa ɓarayi ƙofa ita ce almubazzaranci.

Alhaji Tsohuwar Zuma

Shi nasa ba sakaci ba ne, aƙida ce. Kwamfutarsa na ofis an lulluɓe ta da mayafi saboda ƙura, kuma Windows XP ne a ciki, wanda ya fito a 2001, Microsoft ya daina kula da shi ranar 8 ga Afrilun 2014. Ƙaninsa, da ake yi wa kallon ɗan zamani a gidan, yana kan Windows 7 na 2009, wanda shi ma aka sallama ranar 14 ga Janairun 2020. In ɗan ƙanin ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, Chrome ya tsaya a lamba 109 a kan wannan tun farkon 2023, Office 2019 kuwa sai Windows 10," sai Alhaji ya amsa a madadin ƙaninsa: "Kai yaro, kwamfutocin nan sun riga ka fara aiki. Na yanzu duk roba ne." Ba wanda ya samu bakin gaya masa cewa Windows 10 ɗin da yake yi wa kallon baƙo, shi ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025.

Mafarauci

Wannan ya fi na baya ilmi, shi ya sa wahalarsa ta fi tasu. Ya karanta saƙon tsaf: babu wani fayil mai suna api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll. Sai ya shiga intanet farauta. Ya samo fayil ɗin a wani shafi mai maɓallan saukewa guda biyar, huɗu na talla ne. Ya jefa shi cikin System32 ya gyara zama. Manhaja ta ce to, yanzu kuma wani ne babu. Ya nemo shi, na uku ya ɓullo. Zuwa asuba ya tara fayiloli, ya tara baƙin manhajoji da bai gayyata ba, manhajar da yake nema kuwa tana nan inda take. Fayilolin nan duk 'yan gida ɗaya ne, suna zuwa tare cikin sabuntawa guda, KB2999226, ita kuma ba ta hawa Windows 7 sai da Service Pack 1. Ya san da haka. Ganinsa dai wannan hanyar ta yi tsawo.

Injiniya Fomatin

Ba mai kwamfuta ba ne, mai gyara ne, kuma maganinsa ɗaya tilo. Ya ɗan danna nan, ya danna can, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan sai an yi fomatin." Hotunan biki, takardun makaranta, lissafin adashe, duk sun tafi. Sannan ya zaro filas ɗinsa da ya gada daga ubangidansa, ya mayar mata da Windows ɗin da ya goge, irinsa sak, babu sabuntawa ko ɗaya. Manhaja ta sake ƙi. Sai ya yi shiru, ya ce lallai matsalar daga "bod" ce. Filas ɗin kuma ba ya barin kwamfuta hannu rabbana: duk wadda ya shiga sai ya bar mata bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar inuwarsu.

Mai Zargi

A wurinsa ba abin da ke faruwa haka kawai. Manhaja ta ƙi shiga, to Turawa ne ke son a sayi sabuwa. A nan yana da ɗan gaskiya, domin Windows 11 ya gindaya sharuɗɗa, har da TPM 2.0, da suka bar kwamfutoci masu lafiya da yawa a waje. Sai dai zarginsa ba ya tsayawa a Amurka. Yana gangarowa kan maƙwabcin teburinsa, da yaron da ya taɓa aron linzami, har da kambun baka. Kowane shafi ya buɗe, burauza ta ce ba ta amince da shi ba. In ka dubi kusurwar allo ta ƙasa, za ka ga kwamfutar na zaune a watan Janairun wata shekara da ta shuɗe tuntuni. Ɗan batir zagayayye ne a ciki, CR2032, mai riƙe agogo, ya mutu. Takardun shaidar tsaro na shafuka suna da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, in agogo ya ɓata duk sai su zama abin tuhuma. Maƙiyin nasa bai kai kuɗin farantin shinkafa ba.

Gaggawa

Shi an samu an shawo kansa, ya yarda a sabunta. Laftof ɗinsa batir ya daɗe da rasuwa, da waya take numfashi. Ya fara da la'asar ba tare da ya tanadi janareto ba. Allo ya rubuta kada a kashe, ana kashi talatin cikin ɗari aka ɗauke wuta. Wani ma ba ya jiran NEPA: in ya ga lambar ta daɗe ba ta motsa ba, sai ya danne maɓallin kashewa da kansa. Kwamfuta ta tashi tana ta juyi a wuri ɗaya. Daga ranar ya zama mai wa'azi, yana bi shago-shago yana cewa sabuntawa ce ke kashe kwamfuta.

Ihu Bayan Hari

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai yake ba, kuma har manyan hukumomi na cikin zuriyarsa. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows. A watan Mayu wani bairos mai suna WannaCry ya bi ta ɓarakar ya shiga kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ya kulle fayiloli ya ce a biya dala 300 ta Bitcoin. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Gyaran ya yi wata biyu a ƙofa yana sallama. Washegarin harin kowa ya koma malamin rigakafi.

Duk mutanen nan abu ɗaya ya haɗa su: sun yarda su yi kowace irin wahala ban da wadda aka ce su yi. To, mai karatu, kafin ka girka manhaja duba abin da take buƙata, ka duba wane Windows ne a na'urarka, mai bit 32 ne ko mai bit 64. Kwafe muhimman fayilolinka waje, tabbatar da wuta, ka bar sabuntawa ta gama ko da za ta cinye daren. In na'urar ba za ta ɗauki sabon Windows ba, akwai Linux masu sauƙi irin su Mint da Lubuntu, kyauta ne. In kuma ka rantse ba ka rabuwa da XP, ka raba ta da intanet ta ci gaba da buga wasiƙu, harkar banki kuwa a nemi wata na'urar.