Ranar da ma'aji ya kori amarya

Tun bara kwamfutata ke ɗauke da Windows da Ubuntu a faifai ɗaya. In na kunna, wani ɗan shiri da ake kira GRUB ne ke fara fitowa, ya ba ni daƙiƙa 10 in zaɓi inda zan shiga. Ban da agogon Windows da ke komawa baya da awa guda duk lokacin da na fito daga Ubuntu, lafiya lau muke zaune. Daren Juma'a wuri ya yi mini kaɗan, sai na goge ɓangaren Ubuntu don in zuba bidiyon bikin ƙanwata, na kashe na kwanta.

Washegari taron ƙungiyar unguwa, ni ne ma'aji, kuma ranar zan nuna lissafin kuɗin kwalbati. An aro majigi, an ta da janareta, dattawa sun cika tabarma. Har gyaran murya na yi kafin in danna.

Bango ya yi baƙi ƙirin. Can sama, farin rubutu ƙanana: grub rescue, sai ɗan layi yana ƙyaftawa. Ashe fayilolin da GRUB ke nema suna cikin ɓangaren da na share. Windows na nan, lissafi na nan, hanyar shiga ce babu. To wa zan gaya wa haka? Ma'aji ne tsaye, ranar lissafi, kwamfutarsa ta mutu a daidai lokacin. Ni kaina da ina kan tabarma da na zargi mutumin. Na kashe na kunna, rubutun ya dawo, kuma majigi ya ƙara masa girma yadda na sahun baya ma ya gani. Wani ya ce "Hmm." Har yanzu wannan hmm ɗin nake ji in na kwanta.

Wani matashi ya ce a tusa ta cikin buhun shinkafa. Wani ya tambaya ko data ce ta ƙare. Sai Baba mai unguwa ya ɗaga sanda, ya ce in yi bayani da Hausa. Na yi, gumi na ɗiga a kan madannai.

Ya gyaɗa kai. "Wato, ɗan nan, mata biyu ka ajiye a gida ɗaya."

"Kusan haka, ranka ya daɗe."

"Ka kori amarya cikin dare, makullin ƙofar gida na ɗaure a bakin zanenta."

Wallahi babu injiniyan da ya taɓa fayyace mini GRUB haka. Na ji sanyi a raina, na matso kusa in ji mafita.

Ya juya ga liman. "Malam, a nemo dattawa biyu, gobe a je biko."