Gizo da Hulunan Ƙoƙi

Ga ta nan, ga ta nanku.

A shekarar 2020 Gizo ya raɗa wa kansa suna Korona, ya kafa hula mai tsinke-tsinke, ya faɗa garin Zaki neman abinci. Dabararsa ɗaya ce: ya kutsa gida, ya shige ɗaki, ya yi ta haihuwa. To, kowane gida da dogaransa. Akwai maharba, su hula suke ganewa su sakar mata kibiya. Akwai masu bin ɗaki-ɗaki, duk inda suka ji warin Gizo sai su rushe ɗakin da shi a ciki. A yawancin gidaje, kafin mako biyu an yi waje da shi.

Ya dawo gida da kumburarren baki. "Ƙoƙi, gayin nan ba mutunci!"

Ta ce, "Maigida, gwada gidan Ɓauna. Maganin ciwon daji da take sha ya kwantar mata da maharba. Gidan Barewa ma haka, ƙanjamau ya cinye dogarai."

Gizo ya kwashi iyali ya tare a gidan Ɓauna. 'Yan dogaran da suka rage suna dukansa, amma dukan ba ya kisa. Ita kuwa Ƙoƙi tana ɗinka wa 'ya'ya huluna cikin gaggawa, ga ta ba gwanar allura ba, wata hular ta karkace, wata ta rasa tsinke. Masu hular ubansu sak, kibiya ta same su. Masu karkatacciya suka wuce ta gaban maharba suna gaisuwa, suka hayayyafa. Gizo ya ce ai wayonsa ne.

Biri boka ya aro maharba daga gidan maƙwabcin da ya warke, kamar yadda likitoci suka yi wa wani majinyaci a Kambirij ta Ingila da ruwan jinin waɗanda suka warke. Nan take masu sabuwar hula suka cika gida. Da 'yan aro suka tafi, masu tsohuwa suka dawo. Aka sake aro, aka sake canji.

Gizo ya kishingiɗa yana cika baki: a Landan ya yi kwana 505 a gida ɗaya, a Amstadam kwana 613 wajen wani dattijo, ya sauya ɗinki fiye da sau 50.

Magana ta kai fada, don masana na zargin daga irin wannan gida ne nau'in Korona mai suna Omikron ya fito a Nuwamban 2021, da hular da maharban gari suka kasa ganewa sosai. Kura ta faɗi ta yi gaisuwa tana lasar baki. "Ranka ya daɗe, a kori Ɓauna zuwa daji. Ni zan raka ta."

Kunkuru ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a birnin Daban na Afirka ta Kudu Gizo ya yi kwana 216 a gidan wata mai ƙanjamau. Da aka sauya mata magani, dogaranta suka farfaɗo, suka fatattake shi."

Zaki ya ba da umarni a fara kai magani da rigakafi irin waɗannan gidaje. Kura ta kwana da yunwa.

Ƙurunƙus! Mai irin wannan majinyaci a gida, in tari da zazzaɓi sun ƙi tafiya, a mayar da shi asibiti a sake gwaji.