Zuwa Ga Bawana Bafulatani, Makiyayin Gwangwani

Jauro, gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Na iso Yerwa lafiya, sai dai har yau haƙarƙarina bai daina ciwo ba saboda dariyar da na ƙunshe a kwana biyun da na yi gidanka a Gombe. A gabanka danne ta na yi, kada amarya ta ce Babarbare ya zo barkar 'yan biyu ya ɓuge da tonon silili. Yanzu kuwa na dawo gida, ga alƙalami ga takarda. Kada ka ce na zo da sabon abu. Tun bayan da kuka far wa Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Laminu ya fara aika wa Muhammadu Bello wasiƙu, mu ne ke rubuto muku gyara, ku kuma kuna amsawa da dogon bayani.

Abin da idona ya gani ke nan, Allah ne shaida. Ƙarfe biyun dare, Nepa ta ɗauke wuta, ina kwance a falo sai na ji motsi a kicin. Na leƙa. Sai ga jikan masu garke, mutumin da ya cika mana kunne tun muna makaranta cewa kakansa bai san adadin shanunsa ba, yana tsaye daga shi sai gajeren wando, waya a baki tana haska masa, fida a hannun hagu, ɗan cokalin roba a hannun dama, yana ƙirga garin madara da Fulatanci: go'o, ɗiɗi, tati. Yana kai tati Hasan ya tsandara kuka daga ɗaki, lissafi ya ɓace. Ka tsaya kana kallon fida kamar za ta gaya maka inda ka kwana. Da ta ƙi magana sai ka ɗebo cokali biyu ka antaya, ɗaya na lissafi ɗaya gyara, kowanne da tozo kamar na bijimi. Ina kunyar ɗan fari ta tafi? Ku da ba kwa kama sunan ɗan fari, ba kwa ɗaukarsa gaban mutane, yau ga ka kana jijjiga guda a kafaɗa kana lallashin guda da ƙafa. Ashe fulaku ma yana barci ƙarfe biyun dare.

Zan yi maka adalci kafin in ci gaba da fiɗa. Ba gayu ne ya kawo gwangwani gidanka ba. An yi wa amarya aiki, yara biyu ne, nono bai wadata ba tukuna, likita ya ce a riƙa cikewa da madara tana ci gaba da shayarwa. Wannan babu abin kunya a ciki, kuma duk wanda ya zo barka ya yi mata gori a kai, ka turo mini shi. Ni ma na riƙe fida wata uku lokacin da uwargida ta kwanta jinya bayan haihuwar autarmu, kuma da yake ita ma'aikaciyar jinya ce, daga kan gadon asibiti take ba ni umarni kamar kurtu. Abin da ta ɗura mini shi zan ɗura maka.

Laifinka na farko ruwa. Na gan ka ka fasa ledar fiya wata da haƙori ka tsiyaya a fida, ka ɗan ɗiga ruwan fulas a kai don ya yi ɗumi, ka zuba gari. Da na yi magana ka ce ai ruwan mai tsabta ne, gwangwanin kuma sabo ne, da hannunka ka ɓalle marfinsa. To a nan gizo yake saƙar. Garin madarar jarirai, ko daga wace ƙasa ya fito, ko nawa ka saye shi, ba a kashe duk ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba. Busar da shi aka yi. Akwai wata ƙwaya da likitoci ke kira Cronobacter, mai juriya irin ta raƙumi, tana iya zama cikin busasshen gari wata da watanni ba ta mutu ba. Ba a kowane gwangwani take ba, kuma ba kasafai take kama yaro ba, amma idan ta kama, sanƙarau take kawowa ko ta shiga jini. Waɗanda ta fi yi wa illa su ne 'yan ƙasa da wata biyu, da bakwaini, da waɗanda aka haifa ba nauyi. Dubi Hasan da Usaini ka gaya mini ko ba su aka kwatanta ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi irin wanda ka haɗa kuwa shi ne damina a wurinta, nan take za ta farka ta hau hayayyafa.

Shi ya sa a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ƙa'ida: a tafasa ruwa, a dama garin da shi tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba. Na san ba ka da ma'aunin zafi, ma'auninka ɗaya ne, yatsa. To ga dabara. Ka tafasa kamar lita guda, ka sauke, kada ya wuce minti 30 kafin ka yi amfani da shi. Ka ga ashe tafasar aiki biyu take yi, ta gyara ruwan, zafin kuma ya gyara garin. Fiya wata ma sai an tafasa ta. Idan kana ganin abin na talaka ne kawai, tuna 2022, lokacin da aka rufe wata babbar masana'antar madara a garin Sturgis na jihar Michigan a Amurka saboda zargin wannan ƙwayar. Kantuna suka bushe, har sai da jirgin soja ya yi jigilar madarar jarirai daga Jamus. Ƙasar da ta kai mutum duniyar wata ke nan. Kai kuma kana Gombe kana ce mini gwangwaninka sabo ne.

Laifi na biyu awo, kuma a nan ne gadonku ya fito fili. Ku a ruga komai da ido ne: a tsoma ludayi a ƙwarya, a ce wannan na hamsin ne. Fida ba ta san haka ba. Ruwa ake fara zubawa, a ɗora fidar a tebur, a sunkuya a ga ya tsaya daidai kan layi, sannan gari ya biyo baya. Kai gari ka fara zubawa ka bi shi da ruwa har layi, wato garin ya ci wurin ruwa, madarar ta yi kauri fiye da kima. Yawancin gwangwanaye cokali ɗaya ne ga kowane mililita 30, ke nan 120 cokali huɗu, amma ka karanta jikin naka, kuma cokalin da ya zo a ciki shi kaɗai ne nasa, ba a aron na wani kamfani. A ɗebo ba dannawa, a share tozon da bayan wuƙa mai tsabta ya kwanta daidai baki. Idan lissafi ya ɓace maka, zubarwa za ka yi ka sake, ko da zuciyarka za ta yi ƙuna. Madara mai kauri tana wahalar da ƙodar jariri, ta busar masa da jiki, ta ɗaure masa ciki.

Ɗaya gefen shi na fi ji maka tsoro, don na san hali. Ranar da gwangwani ya kusa ƙarewa, wata bai ƙare ba, wata murya za ta raɗa maka a kunne cewa cokali uku ma ai ya isa, a ƙara ruwa. Muryar goggonninka ce, waɗanda suka gano tun kafin a haife mu cewa rijiya ma saniya ce. Mu manya mun sha algus a fura mun rayu, iyaka mu yi tsaki. Jariri kuwa wannan ruwan shi ne tuwonsa da miyarsa. Ka tsinka masa, cikinsa zai cika, ya yi barci, kai kana murna, alhali yunwa na cinsa a ɓoye, nauyi ya tsaya. Idan ruwan ya yi yawa sosai ma yana iya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Na san kuɗin ba wasa ba ne. Yaro mai kilo huɗu da ke rayuwa da madara kaɗai yana shan wajen mililita 600 a yini, gwangwani mai giram 400 ba zai kai shi kwana biyar ba, kai kuma biyu gare ka. To ka sayar da ɗaya daga cikin shanun nan da muke jin labari ba mu taɓa gani ba.

Af, na tuna. Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, ta ce me ya sa ba za a aiko da madarar safe daga ruga ba, mai ɗumi daga hantsa, maimakon wannan garin Nasara. Ban iya musu da ita ba, don ko Bafulatana ce ta haife ni a shekaru. Kai ka gaya mata a hankali. Madarar saniya an yi ta ne don maraƙi, wanda yake ninka nauyinsa cikin kamar wata biyu, ɗan mutum kuwa sai wajen wata biyar. Sinadarin gina jiki da ke cikinta ya ninka na nonon uwa kusan sau uku, gishirinta ya yi yawa, na ƙarin jini kuma kaɗan ne. Ƙodar ɗan wata biyu ba za ta ɗauka ba. Haka ma garin madarar da mai shayi yake kaɗa maka, ba na jarirai ba ne. Idan ranta ya ɓaci ka lallashe ta da cewa abin da ke cikin gwangwanin ma asalinsa daga saniya yake, rage wani abu aka yi aka ƙara wani. Har yanzu dai saniya ce ke riƙe da gidanku, sai dai ta wasu ce.

Bayan ka dama ka girgiza, sai sanyayawa. Ka tsayar da fidar cikin kwanon ruwan randa, kada ruwan ya kai wuyanta, ka riƙa juyawa. Sannan ka ɗiga a cikin wuyan hannunka, inda fata ba ta da kauri. In ka ji ɗumi kawai, ta yi. Na ga yadda kake gwadawa, ka kai bakin fidar bakinka ka zuƙa, har da lumshe ido. Bari wannan. Miyaunka ba tofi ba ne, kuma na lura gwajin naka yana cinye kusan rubu'in fidar.

Sai maganar saura. Da asuba na ga ragowar madarar ƙarfe biyu a kan taga, kana shirin ɗumama ta. Jauro, wannan ba kindirmo ba ne da kwana ke ƙara masa daraja. Madarar da aka dama, in ta yi awa biyu a waje zubarwa ake yi, wadda yaro ya sa wa baki ya rage kuma ba a ajiye masa ita sai an jima. Masu firji mai sanyin digiri 5 ko ƙasa an yarje musu su ajiye wadda ba a taɓa ba har awa 24, amma firjinka, da wutar da ke zuwa kamar baƙon da ake binsa bashi, kabad ne mai ƙofa fara. Kowane sha a dama sabuwa. Don dare ya yi maka sauƙi, ka tafasa ruwa kafin ka kwanta, ka cika fulas taf ka toshe, zai riƙe zafinsa awoyi. Fulas na daban nake nufi, ba wanda ya shekara yana shan citta da kanumfari ba. Fida huɗu wankakku a rufe a gefe, gwangwani a kusa, da fitila ta gaske, waya ta huta da shiga baki.

Wanki kuwa aikinka ne, tunda amarya ɗinki ne a jikinta. Hannu da sabulu tukuna. A warware fida gunduwa-gunduwa, kwalba daban, zobe daban, roba daban, a bi da buroshinta na kanta, musamman lungun zoben nan inda madara ke maƙalewa ta yi tsami. A nutsar da su a tukunya, ruwa ya sha kansu, a rufe a tafasa minti goma. Uwargida ta ce in gaya maka ranar da ba ka da halin wannan, ƙaramin kofi ya fi fida aminci, don ba shi da lungu, kuma a asibiti za su nuna muku yadda ake ba jariri da shi. Kada ka faɗaɗa hujin robar da allura don su yi saurin gamawa, kada ka tokare fida da filo ka koma barci, kada kuma wani ya zuga ka ka zuba koko a ciki. Gwangwanin da aka buɗe, ka rubuta ranar a marfi, yawancinsu wata guda ne wa'adinsu, ko da yake a gidanka ba zai ga mako ba.

Ka duba jikin gwangwanin da kyau, za ka ga an rubuta cewa nonon uwa ya fi. Ka taɓa ganin ɗan kasuwar da ya rubuta a jikin hajarsa cewa ta maƙwabci ta fi tasa? Ba don Allah suka yi ba. Tun 1981 aka kafa ƙa'idar duniya kan tallan irin wannan madara, bayan an ga yadda fida da gurɓataccen ruwa suka yi ta kashe yara da gudawa a ƙasashe irin namu, kuma a nan NAFDAC ce ke sa ido a kai. Saboda haka amarya ta fara sa su a nono kowane lokaci, fida ta biyo baya, don yawan tsotso shi ke kawo ruwan nono. Kai kuma naka shi ne kunun kanwa, da nama, da barinta ta yi barci. In ka yi haka da kyau, wataƙila nan da 'yan watanni a sallame ka daga aikin dare.

Ina nan tafe bayan Sallah in duba aiki. Zan zo da sabon fulas da buroshi, kyautar ubangida. Kai kuma ka tara mini gwangwanayen da suka ƙare, ka wanke su, uwargida za ta zuba turaren wuta. Zan jera su a falo, duk baƙon da ya tambaya in ce masa garken Jauro ne, in ƙirga masa su da Fulatanci, kuma ni ba zan ɓace a tati ba.