Baywatch: Yabon Gwani Ya Zama Dole

Masu cewa basira ta ƙare a Hollywood su nemi afuwa tun da wuri. A shekarar 2017 kamfanin Paramount ya nuna wa duniya cewa babu dalilin da zai sa mutum ya wahalar da ƙwaƙwalwarsa wajen ƙirƙiro sabon labari, alhali ga tsohon shiri a ajiye ba a gama tatsarsa ba. Suka zaro Baywatch, suka kakkaɓe masa ƙura, suka zuba masa kusan dala miliyan 69, suka mayar da shi fim. Ai da ma da tsohuwar zuma ake magani.

Ga wanda bai riski zamanin ba, Baywatch shirin talabijin ne na Amurka a kan ma'aikatan da ke gadin bakin teku a Los Angeles, suna tsamo waɗanda ruwa ke neman ci. Ya fara a tashar NBC a 1989, tashar ta yi watsi da shi bayan zango ɗaya, aka farfaɗo da shi a 1991, ya yi ta tafiya har 2001. David Hasselhoff ne uban tafiya, Pamela Anderson kuma tauraruwa. An ce lokacin da shirin ke tashe, masu kallonsa sun haura biliyan ɗaya. Duk ƙaunar aikin ceto ce ta tara su, babu shakka. Jajayen kayan ninƙayar nan da aka yi tsimin yadi wajen ɗinka su, da gudun da ake rage wa sauri har a ƙirga motsin kowace gaɓa, sam ba ruwansu a ciki.

Sai dai tsohon shirin yana da babban aibi: da gaske yake yi, amma mutane suna ta dariya. Darakta Seth Gordon ya zo ya gyara wannan ɓarna. Shi ya ɗaura ɗamarar ba da dariya, ya kuma yi nasarar barin mai kallo cikin natsuwa tsawon minti 116. Wannan aiki sai gwani.

Dubi zaɓen 'yan wasa. An ɗauko Dwayne Johnson, tsohon ɗan kokawa da ake kira The Rock, aka ba shi matsayin Mitch Buchannon. Aka haɗa shi da Zac Efron a matsayin Matt Brody, gwanin ninƙaya mai lambobin zinariya biyu na gasar Olamfik, wanda mutuncinsa ya zube saboda ya sheƙa amai a cikin kwamin wanka ana tsakiyar gasa. Tun daga nan ka san an tara masu zurfin tunani a ɗakin rubutu. Babban barkwancin Mitch shi ne ya ƙi kiran Brody da sunansa, sai dai da sunayen mawaƙan samari: yanzu One Direction, an jima Bieber. Da yake marubutan masu tausayi ne, sun maimaita wannan raha ba adadi, don kada wanda ya fita shan ruwa ya yi asara.

Efron kuwa ya cancanci jinjina ta musamman. Ya ƙame jikinsa har kowace jijiya ta fito fili, daga baya ya shaida wa mujallar Men's Health cewa magungunan rage ruwan jiki ya riƙa sha, abin ya jawo masa rashin barci da ciwon damuwa. Mutum ya sadaukar da lafiyarsa domin fim ɗin da zai sa masa rigar mata da gashin kanti. Allah ya saka da alheri.

Labarin ma ya faɗaɗa mana sani. Da can mun ɗauka aikin mai gadin teku shi ne ya zauna a kan hasumiya ya zuba wa ruwa ido. Ashe kuskure ne. A Emerald Bay ta jihar Florida, inda labarin fim ɗin ya faru, masu gadin teku su ne 'yan sandan ciki, su ne hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, su ne likitocin binciken gawa. Wani sajan na 'yan sanda ya yi ta gaya musu cewa wannan ba huruminsu ba ne, amma wa zai saurari mai gaskiya a fim irin wannan? Suka kutsa ɗakin ajiye gawa, Mitch ya sa Brody ya laluba tsiraicin mamaci yana ɗaukarsa hoto, sannan suka ɓuya a cikin durowar gawa, kitsen mamaci yana ɗiga a fuskar Brody. Kafin wannan an riga an ɓata mintuna masu albarka a kan wani saurayi, Ronnie, da abin da kunya ta hana a ambata ya maƙale masa a kujerar katako. Idan wannan ba fasaha ba ce, to mece ce?

Ga kuma wutar da ta kama jirgin ruwa. An zana ta da kwamfuta cikin ladabi, yadda ko ƙaramin yaro zai gane ba ta ƙuna, don kada hankalin kowa ya tashi.

Masoya finafinan Indiya su ma an share musu hawaye. Priyanka Chopra, wadda ta nuna bajinta a Barfi! da Bajirao Mastani, ta tsallaka teku ta fito a matsayin Victoria Leeds, attajira mai safarar ƙwaya. Aka sauƙaƙa mata aiki: ta sa doguwar riga, ta riƙe kofi, ta yi murmushin mugunta, a ƙarshe a tarwatsa ta da tartsatsin wutar biki. Ba kowace jaruma ke samun irin wannan tarba ba. Ita kuwa Pamela Anderson, an gayyato ta a ƙarshen fim ta yi tafiyarta ta ƙasaita ba tare da ta furta ko kalma ɗaya ba. A ganina babu wanda aka rubuta wa zance mai ma'ana kamar nata.

Mahassada dai ba sa ƙarewa. Masu sharhi a shafin Rotten Tomatoes ba su ba shi ko kashi 20 cikin 100 ba. Amurkawa ma sun yi rowa, kusan dala miliyan 58 kawai suka kawo, sai da sauran ƙasashe suka kai ɗauki jimillar ta kai wajen miliyan 177. Amma gaskiya ba ta ɓuya: a 2018 masu kyautar Razzie, waɗanda ke karrama finafinan da suka fi muni, sun sa shi a jerin masu neman kambin shekara, suka kuma ba shi wata lamba ta daban. Johnson ya karɓa da fara'a, kamar yadda ya dace da wanda aka riga aka biya.

An yi ta maganar kashi na biyu, amma shiru kake ji. A nan ne ya kamata mai karatu ya miƙe ya tafa wa Paramount, domin a duk tarihin Baywatch ba a taɓa yin aikin ceto da ya kai wannan ba.